StopNCII, yana aiki amma bai kai WhatsApp ba

A 1984 mujallar batsa ta Penthouse ta buga hotunan tsiraicin Vanessa Williams ba da yardarta ba, dole ta ajiye kambun gasar kyau ta Miss America, yanzu kam ko mujalla ba a bukata, tsohon saurayi da data ya isa. Shi ya sa StopNCII, shafin intanet da ke taimakawa wajen hana yada hotunan tsiraici, ya burge ni, kyauta ne, wata kungiya a Ingila ke gudanar da shi tun 2021, hoton ma baya barin wayarki, wata lamba ta gane hoton kawai shafin yake cirowa ya tura wa su Facebook, Instagram da TikTok su toshe shi. Sai kin kai shekara 18 fa. Matsalar ita ce WhatsApp baya ciki, kuma nan ne gulmar tamu take. Hukunta mai yadawa kuma sai dai kotu.