Rajistar mota a Tekzas: kuskuren biro ɗaya kan ajiye mota a gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Katsina da Daura. Ga bayanin yadda ake yi wa mota rajista a nan jihar Tekzas ta Amurka, musamman saboda yaranmu masu shirin tahowa karatu.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne wata shuɗiyar takarda guda, taitil, shaidar mallakar mota. A jikinta mai sayarwa zai sa hannu, ya rubuta sunan mai saye da ranar ciniki da yawan mil ɗin da motar ta ci. To in hannunsa ya zame ya rubuta lamba ba daidai ba, ya soke, ko ya kankare, ko ya shafa farin ruwan gyaran rubutu, ma'aikaciyar da ke taga za ta turo maka takardarka cikin murmushi ta kira na baya. Ba "a taimaka", ba "ni ƙanen wane ne". Sai ka koma neman wanda ya sayar maka, ya rubuta bayanin gyara ya sa hannu, ko ya nemo sabon kwafi da sunansa, dala 2 ta gidan waya, ko 5.45 in ya je da ƙafarsa. Kuɗin ba komai ba ne. Aikin shi ne samun mutumin da ya riga ya soke kuɗinsa a aljihu ya daina ɗaga waya. In ya ɓace, sai doguwar hanya: ka yanki lamuni a kamfanin inshora wanda zai tsaya a madadin darajar motar sau ɗaya da rabi, kuma lamunin yana nan har shekara 3 ko wani zai fito ya ce tasa ce.

Don haka kafin ka miƙa ko sisi, duba sunan da ke kan taitil ya zo daidai da na katin shaidar mai sayarwa. Duba lambar jikin mota, haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. In akwai sunan banki a kai, ana bin motar bashi ne, sai da takardar da bankin ya sake ta. Mafi kwanciyar hankali ku tafi ofis tare da mai sayarwa.

Ofishin kuwa na harajin gunduma ne, kuma kwana 30 gare ka daga ranar ciniki, in ka wuce tara ta fara daga dala 25. Ka riƙo fom 130-U na neman taitil da rajista, da shaidar inshora wadda kwamfutarsu za ta tabbatar nan take. Haraji kashi 6.25 cikin ɗari ne. Kada ku haɗa baki ku rubuta ƙaramin farashi, domin suna da nasu ƙiyasin darajar kowace mota, in naku ya gaza kashi 80 cikin ɗari na nasu, da wannan kashi 80 ɗin za su yi lissafi. A manyan gundumomi kamar ta Hustan da ta Dalas akwai gwajin hayaƙi. In wutar gargaɗin inji tana ci, mota ta faɗi. Masu cire kan batir don wutar ta mutu ba su tsira ba, na'ura za ta nuna an goge, sai an yi ta yawo da motar kwanaki kafin ta gwadu.

Wallahi abin yana da takaici, ga inshorar sabon zuwa da tsada kowane wata, ga gari babu Keke Napep balle ɗan acaɓa da zai kai ka ofis ɗin. Mutum yakan tuna cinikin gida, dillali da shaidu biyu, a tafa, a ce Allah ya sa alheri, a fitar da la'ada, a tashi ana raha. Nan ba wanda zai yi maka ko Allah ya tsare hanya.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mota nawa ke yawo tsakanin Ƙofar Ƙaura da Daura da sunan mutumin da ya sayar da ita tun hannu uku baya? Muna riƙe da takardar ciniki da kwafin takardar kwastan, mun ƙi zuwa canjin suna don ƙyashin 'yan kuɗi kaɗan. Ranar da aka yi ɓarna da motar, bawan Allahn da sunansa ke kai ake zuwa ɗauka. Ranar rabon gado kuma magada su rasa hujja. A nan mai sayarwa da kansa yake sanar da hukuma cikin kwana 30 cewa mota ta bar hannunsa, don kada laifin wani ya hau kansa.

Masu aiko da kuɗi a sayo musu mota a gwanjo, ku riƙa neman hoton taitil da lambar nan mai 17 tun kafin a ɗora ta a jirgin ruwa. Motar da inshora ta yanke wa hukuncin lalacewa, ko ta haɗari ko ta ambaliya irin wadda guguwar Harvey ta yi wa Hustan a 2017, ana rubuta hakan a takardarta. Motar da ta sha ruwa takan iso Kwatano tana ƙyalli, sai bayan 'yan watanni wayoyinta su fara ci da tsatsa, lantarki ya riƙa ɗaukewa, makanike ya yi ta canza kaya ba a gane bakin zaren ba.