Asibitin yoyon fitsari na Danja: abin da yake yi wa matan da aka yi wa yankan gishiri

Yankan gishiri da wanzami ko ungozoma ke yi da aska, wai don buɗe hanyar haihuwa, yakan huda mafitsara, mace ta koma fitsari na zuba mata dare da rana. Asibitin Danja, kudu da Maradi, da aka buɗe a 2012, yana ɗinke irin wannan rauni kyauta.

Aikinsu abin yabo ne. Ana fara duba girman hujin, a yi tiyata, a bar robar fitsari kamar kwana 14, mace na shan ruwa da yawa. Robar in ta toshe, mafitsara ta cika, ɗinki na iya warwarewa. Haka ma in miji bai haƙura wata uku ba, shi ya sa ya kamata ya zo ya ji bayani da kunnensa. Haihuwa ta gaba kuwa sai a asibiti.

Mun fi jinjina wa zaman da mata ke yi tare, suna koyon sana'a, wadda aka ƙyamata ta samu mai saurarenta. Sai dai tsoro da rashin barci ba sa tafiya ranar sallama. Tana buƙatar mai bibiyarta a ƙauye.

Dokar Nijar ta 2003 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ga mai yi wa mace kaciya, wadda yankan gishiri wani nau'inta ne.