Shekara shida a Levittown: gidan da na saya da abin da na tarar a ƙarƙashinsa

Ranar da dillaliya ta ba mu adireshin gidan, sai da ni da uwargida muka zaga unguwar sau biyu kafin mu gane layin. Titunan duk a lanƙwashe suke, gidajen sun yi kama da juna kamar 'yan uwa ɗaya, sunayen layukan kuma duk da harafi ɗaya suke farawa. Daga baya na fahimci haka aka tsara garin tun asali: kowace unguwa da harafinta. Idan kana Stonybrook, layukanka da S za su fara. Idan kana Dogwood Hollow, da D. Ga mazaunin wurin abin burgewa ne, ga baƙo kuwa ciwon kai.

A 2019 ke nan. Muna haya a wani bene a Filadalfiya, yara uku a ɗaki biyu, maƙwabcin ƙasa kullum yana buga silin da sanda saboda guje-gujensu. Na riga na ƙudura cewa ko ina ne zan je, in dai akwai fili a bayan gida kuma kuɗina zai kai. Levittown ta jihar Pensilbaniya, a gundumar Bucks, ita ce ta cika sharuɗɗan nan biyu.

Ba tsohon gari ba ne da ya girma da kansa. Gonaki ne kamfanin Levitt and Sons ya saye, ya gina gidaje 17,311 tsakanin 1952 da 1958, bayan ya gama irin wannan aikin a Long Island ta New York. Sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu sun yi aure, sun haihu, ba wurin zama. Dokar da gwamnati ta yi musu a 1944 ta sa suna samun bashin gida kusan ba tare da kafin alƙalami ba. A kusa kuma kamfanin U.S. Steel ya buɗe babbar masana'antar ƙarfe ta Fairless a 1952, ga dubban ma'aikata na neman muhalli. William Levitt, shugaban kamfanin ginin, ya ɗauki dabarar masana'antar mota ya juya ta: maimakon kaya su riƙa zuwa wurin ma'aikaci, ma'aikata ne ke bin fuloti-fuloti, kowane rukuni da aikinsa guda ɗaya tak. Masu zuba kankare su wuce, kafintoci su biyo, masu fenti su biyo. Samfurin gida shida kawai aka yi. Nawa shi ne wanda ake kira Levittowner, ba bene, ɗaki uku, banɗaki ɗaya. Wanda ya fara sayensa kusan dala 10,000 ya biya. Ni abin da na sa wa hannu ya ninka haka fiye da sau ashirin, kuma a lokacin ma ana ce min na yi sa'a.

Cinikin kansa bai ba ni wahala sosai ba, in ka cire maganar riba. Bashin gida a Amurka na shekara 30 ne a al'ada, kuma da ruwa. Na daɗe ina juya abin a raina, na tambayi malamai, daga ƙarshe na bi ta ɗaya daga cikin kamfanonin da ke yin tsarin musharaka: ku haɗa hannu ku sayi gidan, kana biyan hayar kasonsu kana kuma sayen kason a hankali har ya zama naka. Kada wani ya ɗauka sauƙi ne. Abin da nake biya a wata bai yi ƙasa da na banki ba, takardun ma sun fi yawa. Kwanciyar hankali kawai na saya. Sai harajin sauya mallaka, wanda a nan kashi 2 cikin 100 ne na kuɗin gidan, mai saye da mai sayarwa su raba.

Abin da ban sani ba, kuma da na sani da na ƙara lissafi, shi ne Levittown suna ne kawai, ba ƙaramar hukuma ba ce. An shimfiɗa ta a kan hukumomi huɗu: Bristol Township, Falls, Middletown da Tullytown, makarantunta kuma suna ƙarƙashin hukumomin ilimi uku. Gida biyu iri ɗaya, tazarar minti biyar a mota, sai ka ga farashi ya sha bamban, haraji ya sha bamban, makarantar da ɗanka zai shiga ma daban. Harajin gida kashi uku ne, na gunduma, na ƙaramar hukuma, da na makaranta, kuma na makarantar shi ne mai ƙaton kai. Ni ido na ya tsaya a kan farashin gida, ban duba wannan da kyau ba. Duk shekara idan takardar ta zo sai na tuna.

To gidan fa? Zan fara da abin da ya yi min daɗi, don yana da yawa. Fulotin ya kai kusan ƙafa 70 da 100, abin da ba zan taɓa samu a cikin birni da kuɗina ba. Akwai manyan tagogi a falo masu kallon bayan gida, rana na shiga har la'asar. Ba matakala, don haka da Hajiya mahaifiyata ta zo mana ziyara da ciwon gwiwarta, ba ta sha wahala ba. Ginin kuma mai sauƙin taɓawa ne. Shi ya sa da wuya ka ga gidan da ya rage yadda aka gina shi: wannan ya mayar da rumfar mota ɗaki, wancan ya ɗora bene, wani ya faɗaɗa kicin. Bishiyoyin da aka dasa shekara saba'in da suka wuce sun zama manya, da bazara layinmu inuwa ce daga farko har ƙarshe. An kuma tsara titunan ciki yadda mota ba za ta iya gudu ba, masu wucewa suna bin manyan hanyoyin da suka zagaye unguwa. Yarana suna hawa keke a layi ba tare da gabana na faɗuwa ba, kuma wannan kaɗai ya biya ni rabin kuɗina.

Matsalar tana ƙarƙashin ƙafa. Gidajen nan ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, saɓanin yawancin gidajen wannan yanki. A kan daɓen kankare aka ɗora su, a cikin daɓen kuma aka binne bututun tagulla da ruwan zafi ke bi yana ɗumama gidan. A zamaninsa dabara ce mai kyau, kuma gaskiya hunturunmu na farko mun ji daɗinta. Ka tashi da asuba ka taka ƙasa ka ji ɗumi, ka shimfiɗa dardumar salla kamar a kan gado. Yara a ƙasa suke kwanciya su yi aikin makaranta.

A hunturu na biyu sai na lura man ɗumama gida yana ƙarewa da wuri, tukunyar ruwan kuma kullum tana neman ƙari. Sai wani wuri a bakin ƙofar ɗakin yara ya fara damshi. Mai gyaran famfo da na kira ko durƙusawa bai yi ba, ya taka wurin da takalminsa ya ce bututu ne ya huje a cikin kankare, kuma a unguwar nan aikinsa ke nan tun yana yaron shago. Zaɓi biyu ya ba ni. Ko a fasa daɓen a nemo hujin a toshe, ba tare da tabbacin wani ba zai ɓullo baɗi ba, ko a rufe tsohon tsarin gaba ɗaya a ja sabon bututu ta gindin bango. Na zaɓi na biyu. Kuɗin da na ware don zuwa gida da iyali a wannan shekarar, a nan ya tafi. Uwargida ba ta ce komai ba sai da muka kwanta, ta ce, "Baban Abba, ashe araha ba ta ado." Ban ba ta amsa ba, don ni na dage a kan gidan.

Ba na ɗora wa kowa laifi. Tagullar da ta yi shekara sittin da 'yan kai a cikin siminti ta yi iya yinta. Mai binciken gidan da na ɗauka kafin saye ma ya rubuta a rahotonsa cewa tsarin ɗumamar na asali ne, ni ne na karanta na wuce. Wanda zai saya a nan, tambayar farko da zai yi ke nan: an sauya ko ba a sauya ba? Ta biyu, a sa kyamara a bututun bahaya. Bishiyoyin nan da na yaba, saiwoyinsu ne suka toshe min shi a shekara ta huɗu. Ga kuma fentin da ke da dalma, wanda sai a 1978 aka hana amfani da shi a gidaje, da tayil ɗin ƙasa na da da ake zargi da asbestos, wani sinadari da ƙurarsa ke cutar da huhu. Wannan ba a ɓamɓare shi da hannu kamar yadda za mu yi a gida.

Akwai kuma abin da ba mai gyara da zai gyara, wato gidan ba don irin zamanmu aka zana shi ba. Hajiya na sauka daga mota ta tsaya ta dubi gaban gidan, ta dubi na maƙwabta, ta ce, "Kai ɗan nan, ina katangar? Haka kuke zaune a tsirara kowa na kallon cikinku?" Na ce, "Hajiya, haka tsarin yake." A farkon garin ma ƙa'ida ce, ba a yarda ka yi shinge ba, dole ka yanke ciyawarka a kai a kai, har ranar shanya sai da aka ƙayyade. Yanzu an sassauta, na kewaye bayan gidan da katako don matan gida su sake. Gaba kuwa yana nan a buɗe. Babu zaure, babu soro. Kicin a gaban gida yake, tagarsa na kallon titi, wai don uwa ta riƙa hango yaranta tana girki. Baƙo namiji yana shigowa, da uwargida zai fara cin karo a bakin murhu. Banɗaki ɗaya ga mutum biyar masu alwala sau biyar a rana kuwa, ba sai na yi bayani ba. Na ƙara na biyu, shi ma sai da aka fasa kankare.

Wata dattijuwa Baturiya da ke kusa da mu, wadda a layin aka haife ta, ita ta fara ba ni labarin da ya sa na koma na karanta tarihin wurin. Kamfanin bai sayar wa baƙar fata gida ko ɗaya a nan ba. A watan Agusta na 1957, William Myers, tsohon soja, da matarsa Daisy, baƙaƙen fata, suka sayi gida a Dogwood Hollow daga hannun wani mai shi. Daruruwan mutane suka riƙa taruwa a ƙofarsu da dare, aka jefi tagarsu da dutse, aka ƙona gicciye a gidan maƙwabtansu Lew da Bea Wechsler, Yahudawan da suka tsaya musu. Sai da 'yan sandan jiha suka shigo, kotu ta ba da umarni. Iyalin suka daure har 1961 kafin su tashi. Dokar da ta hana wariya a cinikin gidaje sai a 1968 ta zo. Dattijuwar ta ce tana ƙarama lokacin, amma ta tuna yadda manya ke magana ƙasa-ƙasa a kicin. Na taɓa bi ta unguwar a mota da gangan. Layi ne shiru kamar nawa, ciyawa a yanke, kwandon ƙwallo a bakin gareji.

Yau har yanzu Turawa ne mafi rinjaye da nisa. A shekara shida ba wanda ya taɓa faɗa min maganar banza a fuskata, ko da yake na san kallon da ake yi wa hijabin uwargida a kanti, ita ma ta sani. Maƙwabcina na hagu, wanda mahaifinsa ya yi aiki a masana'antar ƙarfen nan kafin a daina narka ƙarfe a 1991, shi ya koya min tayar da injin yankan ciyawa, kuma idan ƙanƙara ta zuba yakan haɗa da gaban gidana ya share. Da Salla muna kai musu nama da cincin. Mutanen kirki ne. Sai dai zumuncin iyakarsa bakin titi: a ɗaga hannu, a yi maganar yanayi, kowa ya shige. Ba mai yi maka sallama haka kawai don ya ga kwana biyu bai gan ka ba. Bayan magariba layin kamar an yi shara. Ni da na tashi inda ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida har sha ɗaya na dare, shirun nan ya fi sanyin hunturu damuna.

Komai kuma sai da mota. Burodi, mota. Juma'a, tuƙin kusan minti ashirin. Daddawa, kuka da manja, sai mun shiga Filadalfiya, shagunan 'yan Afirka ta Yamma da ke titin Woodland. Akwai tashar jirgin ƙasa a layin da ya haɗa Filadalfiya da Trenton, daga Trenton kuma ka kama na New York, wannan ya taimaka min da zuwa aiki. Amma dole muka sayi mota ta biyu, wadda ba ta cikin lissafin farko. Hajiya da ba ta tuƙi, wata uku ta yi niyya, a sati na shida ta ce a sauya mata tikiti.

Idan tauraro ake bayarwa, uku da rabi zan ba shi cikin biyar. Mai ƙananan yara, mai mota, wanda zai iya ajiye kuɗin gyara a gefe bayan ya biya kafin alƙalami, zai ji daɗinsa, kuma darajar gidajen ta tashi sosai tun bayan da na saya. Wanda duk abin da ya mallaka zai zuba a ranar sa hannu, ko mai shirin ɗauko tsofaffinsa su zauna tare, ya ƙara tunani. Ni dai ban da niyyar tashi yanzu. Rufin ne ya fara nuna alama a kusurwar gabas, na kira mutum biyu su zo su duba ranar Asabar, kuma tun yanzu na gaya wa uwargida kada ta sa rai da tafiya gida bana.