Famfon wankin gilashi da kwantirolarsa: sun sa na sayi batirin da ba na buƙata

Wata biyar ke nan da na sayi saitin nan, famfo mai bolt 12 da kwantirolarsa, wato na'urar da ke sarrafa gudunsa, a kwali ɗaya, irin wanda masu wankin gilashi da sola suke yayi yanzu a Kano. Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta. Ruwa yana hawa har hawa na uku ba tare da na taka tsani ba, ina ƙasa riƙe da doguwar sanda mai buroshi a kai, yarona yana jan tiyo. Da kuma a Janairu na rubuta shi, da ba a iya karantawa a gaban yara ba. Yanzu na ɗan huce, amma ba duka ba.

Ranar wata Asabar ce, hazo ya rufe gari, a wata filaza da ke Titin Zoo. Alhajin da ya kira ni yana da buɗe sabon shago da la'asar, gilashin gaban kuwa ƙura ta yi masa lulluɓi har yara sun yi rubutu da yatsa a kai. Na kwana ina cajin batir, na cika jarkoki, muka isa tun kafin ƙarfe tara. Na kunna, famfo ya ɗauka da ƙarfinsa, ruwa ya fito a buroshi. Ban gama taga ɗaya ba ya yi tsit. A fuskar kwantirola haruffa uku suna ƙiftawa: BAT, wato wutar batir ta yi ƙasa. Na kashe, na kunna. Ya sake ɗauka, ya sake mutuwa. Sau nawa na yi haka, Allah kaɗai ya sani.

Alhaji ya sauko yana gyara babbar riga. Na fara yi masa bayanin batir, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni ruwa nake son gani a jikin gilashi, bayanin ka riƙe abinka." Na ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe, yanzun nan." Na tari adaidaita sahu na je na sayo sabon batir gal, da kuɗin da na ware wa wani abu daban, ba tare da ko ciniki ba saboda sauri. Kun san yadda batir yake a yanzu, ba sai na faɗa ba. Na dawo na ɗaura, na yi bismilla na kunna. Daƙiƙa ashirin, BAT.

Da bokiti da tsumma da tsanin aro muka ƙarasa aikin nan, hawa na uku kuwa ko taɓa shi ba mu yi ba.

A daren na tura wa wanda ya sayar mini saƙo a WhatsApp, har da bidiyo. Amsarsa kalma biyu ce: batirinka ne. Na tura masa hoton rasit ɗin sabon batir. Ya buɗe, ya gani, har yau ina jiran amsa. A lokacin na riga na yanke wa kwantirolar hukunci, na ce jabu ce, kuma na gaya wa duk wanda ya tambaye ni kada ya kuskura.

Wani dattijo mai riwaya a Ƙofar Ruwa ne ya kunyata ni, cikin ruwan sanyi. Bai ma kalli kwantirolar ba da farko. Ya zare wayoyin famfo guda biyu ya ɗosana su kai tsaye a kan batir, famfo ya yi ta gurnani yana zubar da ruwa a kwata har minti biyu. Ya ce, "To, wannan dai lafiyarsa ƙalau." Ya mayar da komai yadda yake, ya ɗauko mitarsa wadda aka ɗaure bayanta da salatif. A kan batir bolt 12.6. A bakin kwantirola, famfo a kashe, 12.6. Na ce, "Ka gani ko, Baba? Wuta tana zuwa, ita ce dai ba ta da kirki." Ya ce, "Kunna tukuna, yaro." Na kunna. A kan batir mita ta sauka kaɗan zuwa 12.3. A bakin kwantirola kuwa ta faɗo 10.3, nan take haruffan nan suka dawo.

Bolt biyu cur sun salwanta a cikin wayar da ba ta kai taku biyu ba. Baba ya ce awon da aka yi famfo a kashe yaudara ne, domin in ba abin da ke jan wuta, ko silin waya ɗaya ne ya rage zai nuna maka cikakken bolt. Sai an ɗora kaya ake gane jakin da ke ɗingishi. Ita kwantirola ba ta ganin batir, abin da ya iso bakinta kawai take gani, in ya yi ƙasa da iyakar da aka sa mata sai ta yanke don kada a tsotse batir ya lalace. Wato gaskiya take ta faɗa mini tun ranar Asabar, ni ne ban iya yarenta ba.

Ya kama hannuna ya ɗora a kan gidan fiyus. Zafi rau. Da ya ɓare shi da sukundireba, fiyus ɗin bai ƙone ba, shi ya sa da na duba shi a filaza na mayar. Ƙafafunsa ne suka yi baƙi, robar gefe ɗaya ta narke ta lanƙwashe, ƙarfen da ya kamata ya cije shi ya saki, ga wani koren tsatsa inda ruwa ya riƙa ɗiga. Daga nan ya fere wayar ya kankare ta da wuƙa. Ja a sama, fari fat a ciki. Alminiyon ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Wayar nan da gidan fiyus ɗin nan, a cikin kwalin suka zo, ba ni na sayo su a bakin titi ba.

Na ce ya cire fiyus ɗin gaba ɗaya ya haɗe wayar mu huta. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce in ina so in ga gobara a bayan mota, in je wani wurin a yi mini. Ya sa wayar jan ƙarfe ta gaske mai kaurin sukwaya milimita 2.5, sabon gidan fiyus mai murfi dab da batir, fiyus mai amfiya 7.5 kamar na da. Ya yar da maƙalan nan masu bakin kada ya sa zobba ya ɗaure da noti. Kuɗin gyaran duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na batirin da na saya ba. Da muka kunna, 12.2 a bakin kwantirola, famfo yana aiki har na gaji da tsayuwa.

Don haka na janye maganar jabu. Famfon jarumi ne, tun daga ranar bai sake yi mini gardama ba, kuma yadda kwantirola ke rage gudun ruwa ya sa jarka ɗaya tana kai ni inda biyu suke kai ni a da.

Sai dai ina rubuta wannan ina tuna wani abin haushin. In ka rufe ruwa a sanda, kwantirola ce ya kamata ta ji famfo ya fara jan wuta da yawa ta tsayar da shi, ta nuna DE, wato an toshe hanyar ruwa. Lambar da ake saita wannan da ita sai ka yi ta lallashinta kamar amarya. Da sanyin safiya tiyo ya ƙandare, sai ta ɗauka na rufe ruwa ta tsaya ina tsakiyar aiki. In na ɗaga lambar, rana ta take tiyo ya yi laushi, sai ta ƙi tsayawa da wuri har mahaɗar tiyo ta fincike ta jiƙa ni sharkaf, sau biyu ke nan. Takardar da ta zo a kwali ba ta fi tafin hannu ba, kuma ko layi ɗaya babu a kan wannan, balle a ce maka in ka ga BAT ka fara duba waya. Lambobin ma in rana ta haska ba ka ganinsu sai ka yi musu rumfa da hula.

Wanda zai saya ya saya, amma tun a ranar ya zare wayar cikin kwalin ya jefar. Ni yanzu batir biyu gare ni, ɗaya yana ƙarƙashin gado. Alhajin Titin Zoo kuwa na wuce ta wajen makon jiya, na ga wasu yara da tsani suna wanke masa hawa na uku.