Hattara da mai tallar mariƙin sandar fatsa mai launi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu fatsa, musamman waɗanda ke haɗa sandarsu da hannunsu ko suke gyara ta wasu. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallar zobban kok masu launi, ja da baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, wai masu daraja ta ɗaya ne kuma rinin ya ratsa su ciki da waje. Ni ya riga ya ci kuɗina. Ba zan kama suna ba, domin tun bayan abin da ya faru tsakaninmu na ga ya sauya sunan shafinsa, hotunan ne kawai ba su sauya ba.

Ga wanda bai sani ba, kok shi ne abin nan mara nauyi mai kama da totuwa da ake toshe bakin kwalba da shi. Ɓawon wata bishiya ce da ke fitowa a Fotugal da Sifen da Moroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma kusan rabin wanda duniya ke amfani da shi daga Fotugal yake fitowa. Sai bishiyar ta kai kimanin shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma sai bayan kowace shekara 9. Ɓawon farko da na biyu ba su da kyau sosai, sai a na uku ake samun na kirki, lokacin bishiya ta haura shekara 40. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin tsadar mai kyau ba. Ni na sani, amma araha ta rufe min ido.

Mu masu haɗa sanda zobba muke saye, kowanne kaurinsa rabin inci, mu jera su a jikin sanda da gam, mu goge da samfefa har ya zama mariƙi. Mariƙi mai inci 7 yana cin zobe 14. Darajar zobe a fuskarsa take. Ƙananan ramukan nan da ake gani a jikinsa hanyoyin numfashin bishiyar ne, kuma iya ƙarancinsu iya tsadarsa. Wanda kusan babu rami a jikinsa shi 'yan kasuwa ke kira flor. Sai dai babu wata hukuma da ke tantance wannan suna, kowane mai sayarwa shi ke raɗa wa kayansa daraja, wani ya rubuta AAA, wani ya ƙara wani A ɗin a kai. Ta wannan ƙofa mutumin ya shigo.

Na yi odar zobe 28 na ruwan ƙasa mai duhu, na sanda biyu, ɗaya tawa ɗaya ta wani dattijo da ya ba ni aiki. Da suka iso, wallahi gwanin sha'awa, sumul kamar an lashe. Na jera, na danne, na bar gam ya kwana. Washegari ina ɗora samfefa sai launin ya bi ƙura. Ko minti biyu ban yi ba farin kok ya bayyana, kuma ba farin kirki ba, duk jikinsa ramuka ne da aka cike da garin kok da gam, irin yadda kafinta ke cike tsagar katako da foti. Wani ramin kan ashana zai shiga. Na tsaga zobe ɗaya da reza don in tabbatar: rinin bai kai kaurin takarda ba. Na diga sifirit a tsumma na goga wani, tsumman ya koma ruwan ƙasa. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Abin da ya fi ba ni haushi, da na tsaya na yi tunani da tun farko na gane ƙarya ce. Kok ba ya shan ruwa. Jikinsa 'yan mitsi-mitsin ɗakuna ne rufaffu cike da iska, bangonsu na da wani sinadari mai kama da kakin zuma da ake kira suberin. Shi ya sa yake toshe kwalba shekara da shekaru, shi ya sa yake yawo a saman ruwa, shi ya sa ma muke son sa a mariƙi. Abin da ruwa bai ratsa ba, ta yaya rini zai ratsa shi? Ba ƙyalle ba ne da za a tsoma a marina. Duk wanda ya ce maka ya rina tsantsar kok har cikin cikinsa, ka ce ya yanka ɗaya a gabanka.

Kada a ce na ce duk kok mai launi jabu ne. Akwai na gaskiya. Akwai wanda ake niƙa kok a gauraya da gam ko roba, a sa launi tun wajen haɗin, to wannan ko ka yanka shi launinsa ɗaya, amma ya fi nauyi, kuma ido na ganin ɓarɓashin a jikinsa. Akwai wanda ake gasawa da zafi ya yi duhu. Akwai kuma masu shafa mai ko sila, wato ruwan da ke rufe fuskar kok, bayan sun gama goge mariƙin, ya ɗan yi duhu kamar zuma. Duk waɗannan halal ne idan an kira su da sunansu. Shi ma ciko kusan kowane kamfani na yi kaɗan. Zambar ita ce a ɗauki na ƙarshen daraja, a cike, a shafe da launi mai duhu don ya ɓoye cikon, a sayar da kuɗin flor.

Da na tura masa hotuna, sai ya ce wai ni na lalata, ba a goge irin nasa. Zoben da ba a gogewa, da me za a fitar da siffar mariƙi? Sai ya koma tallata min wani ruwa a 'yar kwalba, wai shi ne sirrin, in ƙara kuɗi in gyara da shi. Na ce a'a, kuɗina nake so. Daren nan ya toshe lambata. Kuma da yake asusun wani mutum daban ya ba ni na tura, ba ta manhajar da ke riƙe kuɗi sai kaya sun iso ba, babu inda zan kai kuka.

Idan kun ci karo da shi ko irinsa, ku nemi hoton zoben kafin a shafa masa komai, da bidiyon wanda aka tsaga biyu. Ku fara sayen biyu ko uku. In sun zo, ku danna farce a wuraren da suka fi santsi, ciko yakan ɓurma ko ya fita kamar gari. In kuwa mariƙi ne haɗaɗɗe, ku leƙa ramin tsakiyarsa, domin akwai masu naɗa siririn kok a kan soso.

Dattijon nan na kai masa zobban ya gani da idonsa, ya yi dariya ya ce in sa masa fari kawai, hannu da zufa za su rina masa shi kyauta kafin damina biyu. Tasa sandar na sayo wasu zobban da kuɗina na haɗa. Tawa tana nan jingine a bayan ƙofa, rabi fari rabi ruwan ƙasa, ban samu zuciyar kankare ta ba tukuna.