Shingen gilashi na baranda: SketchUp ko Revit?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: yana zana gida mai hawa ɗaya, mai gida yana son shingen gilashi a baranda da gefen matakala, baranda kuma tsawonta mita shida ne tsakanin bango da bango. Yana da manhajojin zanen gini guda biyu, SketchUp da Revit. Da wanne zai fi dacewa ya gina shingen?

Malam, kafin a taɓa linzamin kwamfuta akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a ranka, domin a kansa duk kwatancen nan ya rataya. Gasasshen gilashin da ake shinge da shi ba ya yankuwa, ba ya hujuwa bayan ya fito daga wuta. Wanda ya gwada, sai dai ya share tsakuwar gilashi a ƙasa. Saboda haka manhajar da ta fi ita ce wadda za ta ba mai gilashi awon kowane falle daidai, har zuwa milimita. Kyan hoto yana biye da wannan.

Sai ka fara tsayar da irin shingen. Akwai wanda gindin gilashin ke zama cikin doguwar kwarin alminiyam da aka ɗaure a kan dakin, wato kankaren bene, babu ginshiƙi ko ɗaya. Akwai wanda ake huda gilashin a ɗaure shi a gefen dakin da ƙullayen ƙarfe marasa tsatsa masu faɗin kusan milimita 50. Akwai kuma mai ginshiƙai da ƴan maƙalai masu cije gilashin. Zan ɗauki na farko. Awon da aka saba bi ya fito daga ƙa'idar gini ta Ingila: tsayin milimita 1100 a barandar waje, 900 a kan matakalar gidan zama, kuma kada a bar ratar da ƙwallo mai faɗin milimita 100 za ta wuce. A Amurka tsayin inci 36 ne a gidan zama na iyali ɗaya ko biyu, inci 42 a manyan gine-gine, ratar kuma inci 4. Gilashin da ba shi da ginshiƙi yawanci mai ninki biyu ne da leda a tsakani: 8 da 8 da ledar 1.52 ya ba da 17.52, ko 10 da 10 ya ba da 21.52.

Yadda aikin yake a SketchUp

A nan kai ne mai lissafi. Tsawo milimita 6000, falle biyar, rata shida ta milimita 20 kowacce idan an haɗa da ta jikin bango biyu. Cire 120 daga 6000, saura 5880, raba biyar, kowane falle 1176. Zana murabba'i mai wannan faɗin, ka ja shi da Push/Pull zuwa 17.52, ka mayar da shi Component, wato abin da duk kwafinsa ke canzawa tare, nan take kafin ka kwafa. Ɗauki Move, danna Ctrl, matsar da kwafi 1196, sannan ka rubuta x4. Cikin ƴan mintoci baranda ta cika. Kwarin alminiyam da bututun dafa hannu na sama, wanda faɗinsa ya kan zama 42.4 ko 48.3, sai ka zana fuskar yankansu sau ɗaya ka bi layin baranda da Follow Me, kusurwa ma za ta haɗe da kanta.

Daɗin SketchUp shi ne abin da ka zana shi kake gani, ba ta yi maka gardama. Matsalarta kuwa ba ta san cewa shinge kake ginawa ba. Ranar da injiniya ya matsar da ginshiƙin gini baranda ta koma 5700, babu abin da zai motsa da kansa, sai ka sake lissafi daga farko. Idan kuma falle ɗaya kaɗai kake son ragewa ka manta da Make Unique, umarnin da ke ware shi daga sauran, duk biyar ɗin za su ragu tare, ba lallai ka lura ba sai takarda ta isa hannun mai gilashi. Wani abin da ke nauyaya fayil shi ne ƙullaye da noti da ake saukowa da su daga 3D Warehouse, rumbun kayan SketchUp na intanet. Da'ira a SketchUp gefe 24 gare ta tun asali, wasu masu ɗora kaya kuma har zaren noti suke zanawa. Ƙulli ɗaya irin wannan sau tamanin ya isa ya sa kwamfuta ta fara ɗingishi. Zana naka da gefe 12, babu mai ganewa daga nisan mita biyu. Ka kuma sani cewa fuskar da ta gaza kusan milimita ɗaya ba ta cika rufuwa. Idan kana son goge kaifin bakin gilashi, girmama fallen sau goma, yi gugar, sannan ka mayar da shi girmansa.

Revit hanya biyu gare ta, kuma a nan mutane ke ɓata

Hanyar da kowa ke fara bi ita ce Railing, tunda ma'anar sunan ke nan: shinge. Ka zana layi, ka zaɓi nau'in da ke da fallen gilashi, shinge ya miƙe. Amma a wurin Revit fallen nan tamkar sandar shinge ne mai faɗi tsayayye, ana jera shi a Baluster Placement. Gwada da barandarka: falle mai faɗin 1200 da ratar 20. Biyar suna buƙatar 6120, kai kuma 6000 gare ka. Sai ta jera huɗu ta bar maka wagegen giɓi na kusan 1100 a ƙarshe. Idan ka ce Spread Pattern To Fit, ba gilashin take faɗaɗawa ba, ratar take buɗewa, sai ka ga tsakanin falle da falle ya haura 200, wurin da yaro zai zura jikinsa gaba ɗaya. Maganinsa shi ne ka yi lissafin 1176 ɗin da hannu, ka ƙirƙiri sabon nau'in falle, ka ƙirƙiri sabon nau'in shinge. Kowace baranda mai tsawo daban da nata nau'in. Abu na biyu, wanda a ganina ya fi muni: jadawalin Railing tsawon shinge yake bayarwa, ba ya lissafa fallaye ɗaya bayan ɗaya. Wato abin da mai gilashi ke jira shi ne abin da ba za ka samu ba.

Hanya ta biyu ita ce ka yi amfani da Curtain Wall, wato bangon gilashi, ka gajarta shi zuwa 1100. A Vertical Grid zaɓi Maximum Spacing ka sa 1200, sai ta raba layin daidai wa daida. Baranda ta ragu ko ta ƙaru, rabon ya gyara kansa. Kaurin falle ka mayar da shi 17.52, kwarin ƙasa da bututun sama ka yi su da Mullion, wato sandar da ke riƙe bakin gilashi, mai siffar da ka zana, ratar tsakani kuma da siririn Mullion na milimita 20. Ribar tana cikin jadawali: kowane falle zai fito da faɗinsa da tsayinsa da lambarsa. Duba shi da kyau, don fallayen baki biyu sukan bambanta da na tsakiya da ƴan milimitoci, ya fi kyau ka matsar da layin rabon su zama ɗaya.

Wannan dabara tana da nata farashin. Har gobe Revit bango take ɗaukarsa. Cire alamar Room Bounding, in ba haka ba zai shiga lissafin faɗin ɗakuna. Ka ba shi suna bayyananne don kada mai ƙididdigar kayan gini ya haɗa shi da gilashin tagogi, idan kuma za ka fitar da fayil ɗin IFC, wanda ake musayar zane da shi tsakanin manhajoji, ga wani ofis, sanar da su cewa zai iso musu a matsayin bangon gilashi.

Matakala

A nan hukuncin yake juyawa. Ɗauki taki mai tashi 170 da shimfiɗa 280, gangararsa digiri 31 da ɗoriya. Fallen da zai hau kanta ba murabba'i ba ne: sama da ƙasa suna bin gangara, gefuna biyu suna tsaye cak. Kuskuren da aka fi yi a SketchUp shi ne a ɗauko fallen baranda a karkata shi da Rotate. Gefunan za su kwanta, ba za su haɗu da fallen wurin hutawa ba, tsayin ma ya tashi daga yadda doka ke auna shi, wato a tsaye daga layin da ya ratsa bakin takuna. Ja wannan layin tukuna, ɗaga shi 900 a tsaye, sannan ka rufe siffar. A Revit, Railing ce ta fi a nan, domin tana hawa matakala da kanta kuma tana bin ta idan ta canza, muddin wanda ya gina fallen ya kulle samansa da ƙasansa ga layukan Top Cut Angle da Bottom Cut Angle. Idan bai kulle ba, fallaye za su fito hawa-hawa kamar haƙoran zarto. Curtain Wall a kan gangara sai an bi ta Edit Profile, kuma duk canjin matakala sai an sake.

Hoton da za a nuna wa mai gida

Cikin manhajojin fitar da hoto, ko Enscape ko V-Ray ko Lumion ka ɗora, doka ɗaya ce: gilashi ya kasance da kauri na gaske, ma'aunin karya haskensa kusan 1.52. Fuska ɗaya mara kauri ba ta fitar da koren bakin nan da ke sa ido ya yarda gilashi ne, launin da ƙarfen cikin yashinsa ke haifarwa. A SketchUp tabbatar farar fuska ce ke waje a kowane ɓangare, ka shafa launin gilashi ciki da bai. Inda gilashi ya shiga kwari, bar milimita ɗaya ko biyu tsakaninsu; fuska biyu a wuri ɗaya su ne ke kawo baƙin tabon nan mai ƙyaftawa.

Akwai abin da babu ɗayansu da za ta faɗa maka. Falle mai 1176 da 1100 na gilashin 17.52 ya kai kilo 52, tunda gilashin kansa milimita 16 ne in an cire ledar, kuma kowane milimita na kauri kilo biyu da rabi ne a murabba'in mita. Ƙa'idar shinge ta Birtaniya, BS 6180, tana son barandar gidan zama ta jure turin 0.74 na kiloniyuton a kowace mita, kuma duk wannan ƙarfin a gindi yake tarewa, kan kusoshin da suka shiga kankare. Kaurin gilashi da tazarar kusoshi aikin injiniya ne, kai ka zana abin da ya sa wa hannu. Ka auna 1100 ɗin daga saman tayil, don siminti da tayil sukan cinye kusan 50 daga saman dakin. Ka nuna ƙofofin fitar ruwa a kwarin, saboda ƙurar hunturu da ruwan damina idan suka haɗu a ciki laka suke zama. Gini a bakin teku irin Legas kuma ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316 yake so, 304 zai yi tabo.

Ga gidanka, Malam, idan sauran ginin yana Revit, kada ka fita daga cikinta: yi baranda da Curtain Wall, matakala da Railing, awon fallayen matakala kuma ka fitar da shi a zane na daban, falle falle. Idan hoto kawai mai gida ke jira a makon nan kuma awon ginin ya riga ya tsaya, SketchUp za ta kai ka da wuri. Ko wacce ka bi, rubuta a kan zanen cewa kada a gasa gilashi sai an koma wurin ginin da tef bayan an ɗaure kwarin, an sake auna tsakanin bango da bango a sama da ƙasa.