Manhajar da ke taƙaita mini shafuka, da abin da take iya gani a burauzata

Makonni shida ke nan ina amfani da wata ƙaramar manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake liƙa wa burauza, domin ta riƙa taƙaita mini dogayen rubuce-rubuce, ta kuma gyara mini wasiƙun aiki kafin in aika. A wajen aikinta ba ni da wani ƙorafin a-zo-a-gani. Dogon rahoto takan mayar da shi sakin layi biyar cikin ɗan lokaci, kuma duk sanda na koma na karanta asalin nakan tarar ba ta bar babban batu a baya ba, ko da yake takan yi tuntuɓe a kan alƙaluman da ke cikin jadawali. Inda hankalina bai kwanta ba shi ne yadda take mu'amala da bayanan mai amfani da ita.

Tun ranar da na sauke ta, Chrome ya faɗakar da ni cewa tana neman izinin karantawa da sauya duk bayanaina a dukkan shafukan da na ziyarta. Na amince ba tare da dogon tunani ba, kamar yadda akasarin mutane ke yi. Sai da aka kwana biyu na gane nauyin wannan izini, ranar da na buɗe akwatin imel ɗina ina karanta sakamakon gwajin jini da likita ya turo mini, sai ga ɗan tambarinta ya bayyana a gefen saƙon yana tayin taƙaita shi. Ban danna ba, kuma ba ni da hujjar cewa ta ɗauki komai a lokacin. Amma fitowar tambarin kaɗai ta nuna cewa manhajar tana cikin shafin, kuma ikon da ya ba ta damar ganin wannan saƙo shi ne zai ba ta damar ganin shafin banki da duk abin da na rubuta a cikin fom.

Daga nan na buɗe kayan binciken da Chrome ya tanadar wa masu haɗa manhajoji, na sa ido a kan abin da ke fita idan na nemi taƙaitawa. Ilahirin rubutun shafin ne ke tafiya zuwa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa da ke intanet, haɗe da adireshinsa, ko da sakin layi ɗaya kawai na zaɓa. Tura rubutu waje ba abin mamaki ba ne, tunda ƙwaƙwalwar da ke yin taƙaitawar ba a kwamfutata take ba. Abin da na kasa samar wa uzuri shi ne ɗibar fiye da abin da aikin ke bukata, musamman adireshi, domin adireshin shafi yakan ƙunshi sunan takarda ko kalmomin da mutum ya bincika.

A shafinta na Chrome Web Store, wato kasuwar da ake sauke irin waɗannan manhajoji, akwai sashen da ta bayyana cewa tana tattara abin da ke cikin shafuka da ayyukan mai amfani, ta kuma tabbatar ba ta sayar da su. Tun 2021 Google yake nuna irin wannan bayani, kuma ci gaba ne, sai dai mai manhajar ne da kansa yake cike shi. Da na karanta takardar manufofin sirrinta, sai na tarar da jimlolin da suka fi wannan alƙawari faɗi. Ta ce tana iya raba bayanai da abokan hulɗa, ba tare da ta ambaci sunan ko ɗaya ba, hatta kamfanin da ke sarrafa rubutun da take turawa. Ta ce za ta adana su muddin akwai bukata, ba ta yanka wa'adi ba. Ta kuma keɓe wa kanta damar amfani da bayanan da aka cire wa alamar mai su, wanda shi ne ya fi damuna, saboda an taɓa jin irin wannan magana. A 2024 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta sa kamfanin Avast, mai haɗa manhajojin tsaron kwamfuta, biyan dala miliyan 16.5 kan zargin sayar da tarihin binciken mutane da ya tattara ta irin waɗannan manhajoji, bayanan da ya ce an goge musu alama, alhali hukumar ta ce ana iya gano masu su.

Akwai kuma haɗarin da bai dogara da niyyar kamfanin ba. Waɗannan manhajoji suna sabunta kansu ba tare da sun tambayi kowa ba, kuma sabon zubi yana gadon izinin da aka ba tsoho. A Disambar 2024 masu kutse sun yaudari wani ma'aikacin kamfanin tsaron bayanai na Cyberhaven da saƙon bogi, suka fitar da gurɓataccen zubi na manhajar kamfanin, kuma harin ya shafi wasu manhajoji da dama, ciki har da na ƙirƙirarriyar basira.

Ba zan hana manhajar tawa haƙƙinta ba. Tana da maɓallin hana amfani da tattaunawata wajen horar da ƙwaƙwalwarta, duk da cewa na tarar da horarwar a kunne kuma sai da na tona kafin in kai ga maɓallin. Goge tarihin tattaunawa ma yana da sauƙi.

Ban cire ta ba, amma na rage mata igiya. A saitunan Chrome na mayar da izininta daga dukkan shafuka zuwa sai na danna tambarinta, na bar ta a kashe a tagar sirri, na kuma buɗe wani asusu (profile) daban a burauzar domin imel da banki, inda ba ta nan sam. Ga mai karanta labarai da rahotannin da kowa ke iya gani, tana da amfani a wannan tsari. Wanda kuwa yake riƙe da takardun marasa lafiya, ko na shari'a, ko sirrin ma'aikata, ban ba shi shawarar sa ta a kwamfutar aikinsa ba har sai kamfanin ya faɗi sunayen waɗanda yake miƙa wa bayanai da tsawon lokacin da yake ajiye su.